Katunan Addu'ar Yara Don Shugabanni da Sojoji: Abin da Ke Ciki da Inda Suka Gaza

Katuna talatin ne a zoben ƙarfe guda, an yi su don yara 'yan shekara 5 zuwa 12, kowace rana kati ɗaya. A cikin kwalin akwai kuma taswirar duniya mai naɗewa, da baƙar maka (alƙalamin rubutu a kan leda) mai gogewa, da 'yar takardar jagora ta iyaye mai shafi 8. An raba katunan gida uku: 12 na shugabanni, 12 na sojoji, 6 na zaman lafiyar ƙasa baki ɗaya. Kayan sun cancanci saye, amma da sharaɗi. Sai babba ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ya miƙa wa yaro, domin akwai katuna huɗu da ya kamata a zare daga zoben, da ɗaya da ke bukatar gyara.

A fara da jikin katin. Girmansa A6 ne, wato milimita 105 da 148, daidai tafin hannun ɗan shekara bakwai. Kwalin da aka yi katin da shi mai nauyin giram 300 ne a kowace murabba'in mita, an lulluɓe shi da leda mai sheƙi, an kuma zagaye kusurwoyin don kada su yi yanka. Har nan babu abin cewa. Matsalar tana wajen ramin zobe. An huda shi ne bayan an manna ledar, ga shi kusa da baki ƙwarai, bai kai milimita 5 ba. Hakan ya bar takardar ciki a buɗe, da zarar jiƙaƙƙen hannu ya taɓa wurin sai danshi ya shiga, kwalin ya kumbura, ledar ta fara ɓarewa. Maganinsa mai sauƙi ne idan an yi tun ranar farko: a manna salatif gaba da baya a kan kowane rami, a sake hudawa. Aikin minti ashirin ne. Shi kuma zoben irin mai buɗewa ta tsakiya ne, yaro na fizgarsa katuna za su watse, don haka a ɗaure mahaɗarsa da zare. Murfin makar ƙarami ne, a nisanta shi da duk yaron da bai kai shekara 3 ba.

Rubutun maka yana fita tas idan an goge shi cikin kwana ɗaya ko biyu. In ya kwana makonni yakan bar inuwa, sai an sa auduga da ɗan sanitaiza. Idan kuwa yaro ya ɗauko maka marar gogewa ya yi aika-aika, a bi ta kan rubutun da mai gogewar, a share tun bai bushe ba, zai ɗauke.

Larabcin katunan ya fito da cikakken wasali, manyan baƙaƙe, yaro mai haɗa baƙi zai iya bi. Fassarar ce aka matse ta a ƙasa da ƙananan haruffa, alhali ita ce yaron zai fi dogara da ita. Ɗan shekara shida sai an karanta masa.

Inda masu katunan suka yi dabara ta gaske shi ne ɓangaren shugabanni. Ba su buga sunan kowa ba, ba su sa hoton kowa ba. A gaban kati zanen muƙamin ne: kujera ga shugaban ƙasa, zauren majalisa ga 'yan majalisa, sikeli ga alƙalai, allo ga mai kula da ilimi. Ƙarƙashin zanen an ja layi, yaro ne zai rubuta sunan wanda ke kan kujerar da hannunsa. Amfanin wannan ya fi yadda ake zato. Wa'adin mulki a yawancin ƙasashe shekara huɗu ne ko biyar, ministoci kuwa sukan canza kafin nan, don haka katin da aka buga wa suna yana tsufa kafin yaron ya gama firamare. Ban da haka, da zarar fuskar ɗan siyasa ta hau kati, ya tashi daga kayan addu'a ya koma fostar kamfe, gidan da ba su zaɓe shi ba kuma ba za su taɓa shi ba. Layin da aka bari fanko yana koya wa yaro, ba tare da an yi masa lacca ba, cewa kujerar tana nan, mutane ne ke hawa suna sauka.

Kalmomin addu'ar ma an tauna su. Ga na kati na biyu: "Ya Allah, Ka sa gaskiya a bakinsa da tausayi a zuciyarsa. Ka haɗa shi da mashawarta na gari, Ka raba shi da 'yan zuga." Wannan ya yi daidai da hadisin Nana A'isha da Abu Dawud ya ruwaito, cewa idan Allah Ya nufi shugaba da alheri sai Ya ba shi waziri mai gaskiya, in ya manta ya tuna masa, in ya tuna ya taimake shi. Takardar jagora ta kawo hadisin Aufu bin Malik da ke cikin Muslim, cewa mafi alherin shugabanninku su ne waɗanda kuke so suna son ku, kuna yi musu addu'a suna yi muku. Ta kuma kawo maganar nan da ake jingina wa Fudailu bin Iyad, cewa da yana da addu'a guda karɓaɓɓiya da shugaba zai yi wa ita, domin gyaruwarsa gyaruwar ƙasa ce da bayin Allah. An zaɓi hujjoji masu kyau, an kuma faɗi inda suke.

Sai dai kati na tara da na goma sha ɗaya sun kauce hanya. Ɗaya yana roƙon a dawwamar da shugaba a kan mulki, ɗayan yana roƙon a rufe bakin masu sukarsa. Wannan banbaɗanci ne. Yaron da aka saba masa da shi zai tashi yana ganin duk mai faɗa wa shugaba gaskiya maƙiyi ne, alhali hadisin da ya ce addini nasiha ne ya ambaci shugabanni a cikin waɗanda ake yi wa nasihar. A zare su biyun.

Akwai tambayar da takardar jagora ta yi shiru a kanta, kuma ko ba daɗe ko ba jima sai ta zo. Yaro ya ji mahaifinsa yana kukan tsadar rayuwa da rana, da dare an miƙo masa kati. Zai ɗago kai ya ce, "Baba, ba shi ne ɗazu ka ce ya cuce mu ba?" Kada a ce masa ya yi shiru, kada kuma a janye maganar rana. Amsar gajeriya ce: "Shi ne. Shi ya sa muke roƙon Allah Ya shirye shi, ya daina." Yawancin katunan suna roƙon adalci da shiriya ne, don haka amsar tana zama daram a kansu. Abin mamaki ne a ce shafi takwas ba su sami layi biyu na wannan ba.

Katunan sojoji sun fi na shugabanni taɓa zuciya, kuma a nan ne kuskuren ya fi nauyi. Masu kyaun sun kalli soja a matsayin mutum. Akwai na mai gadin dare, da hadisin Tirmizi na idanu biyu da wuta ba za ta taɓa ba, ɗaya daga cikinsu idon da ya kwana yana tsaro saboda Allah. Akwai na ban-kwana, da addu'ar da Annabi (SAW) yake yi idan zai sallami runduna: "Astaudi'ullaha dinakum wa amanatakum wa khawatima a'amalikum." Akwai na matan sojoji da 'ya'yansu da ke jira a bariki, na waɗanda suka ji rauni, na 'yan mazan jiya. Har direbobi da masu dafa abinci da likitocin runduna an ba su kati, abin da yawancin manya ma ba sa tunawa da shi idan an ce soja. Sojan ƙasa, na ruwa da na sama kowa da nasa.

Mafi daraja a cikinsu shi ne na ashirin, wanda ke roƙon Allah Ya tsare hannun soja daga zalunci. An gina shi a kan wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar da ya tura Sham: kada a kashe mace ko yaro ko tsoho, kada a sare itace mai 'ya'ya, kada a rushe gini. Ga yaro ɗan shekara goma zuwa sama, nan ne wurin da za a gaya masa cewa yaƙi ma yana da doka, kuma Yarjejeniyoyin Geneva na 1949 sun wajabta kare farar hula da fursunonin yaƙi da masu rauni.

Biyu ne za a cire a wannan ɓangare. Na farko yana ɗauke da zanen tankar yaƙi tana aman wuta. Ɗan shekara biyar da aka nuna masa wannan dab da barci, ko dai ya kwana da tsoro, ko ya mayar da lokacin addu'a wasan bindiga. Na biyun ya fi haɗari ko da yake zanensa fure ne. An rubuta a kansa cewa duk sojan da ka yi wa addu'a zai dawo gida lafiya. Ba a yi wa kowa wannan alkawari ba. A gidan da uba ko yaya yake bakin daga, idan labari marar daɗi ya zo, yaron zai ɗauka shi ne bai yi addu'ar da kyau ba, ko ranar da ya manta ce ta jawo. Abin da za a gaya masa tun farko shi ne muna roƙo, Allah Yana ji, Shi ne kuma Yake zaɓar abin da zai faru.

Wani abu kuma da gidajen sojoji za su lura da shi: a bayan wasu katunan akwai layin "Sunansa" da layin "Inda yake aiki". A cike na farko da sunan da ake kiransa a gida, a bar na biyu fanko. Kati yana zuwa makaranta a jaka, ana ɗaukar hotonsa a sa a Facebook ko WhatsApp, kuma wurin da runduna take ba abin yaɗawa ba ne.

Katin da ke bukatar gyara yana cikin shidan ƙarshe. An rubuta addu'ar Annabi Ibrahim, "Rabbij'al haza baladan aminan", aka ce Suratu Ibrahim aya ta 35. Wannan lafazin na Baƙara ne, aya ta 126. Na Suratu Ibrahim "hazal balada aminan" ne. Bambancin kaɗan ne a ido, amma yaron da ke hadda zai rikice. A gyara sunan surar da lambar ayar da maka marar gogewa. Haka nan ba a bambanta addu'o'in da suka zo a Alƙur'ani ko hadisi da waɗanda masu katunan suka tsara da kansu ba, duk launi ɗaya ne. Tsara addu'a da harshen da yaro ke ji ba laifi ba ne, amma ya kamata ya san wacce ce wacce. Ɗigon maka a kusurwar waɗanda suka zo a nassi ya wadatar.

Taswirar ba ta da wani armashi. Takardar siririya ce, tana yagewa a kan naɗi, sunayen ƙasashe kuma sai an ƙura ido. Amfaninta ɗaya shi ne nuna wa yaro cewa akwai sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, masu shuɗiyar hula, da ke aiki nesa da ƙasashensu, waɗanda ake tunawa da su kowace 29 ga Mayu.

Wajen amfani, takardar jagora ta ce minti goma kullum. Ya yi yawa. Minti biyu zuwa uku ya isa, a lokaci guda da ba ya canzawa, bayan sallar magariba ko kafin kwanciya. Yaro ya zaro katin da kansa, ya faɗi abin da ya gani a zanen, a tambaye shi aikin mutumin, sannan a karanta addu'ar tare, a bar shi ya ƙara jimla ɗaya tasa. Wannan jimlar ita ce ma'aunin ko abin ya shiga. Idan ya ce Allah Ya ba sojan bargo saboda sanyi, ya fahimta. Ga 'yan ƙasa da shekara bakwai, kati ɗaya ya yi mako guda, kuma katuna goma sun ishe su. Bin talatin a jere yana sa su haddace lamba su manta mutum. Idan yara sun fi ɗaya, a yi karɓa-karɓa wajen zarowa, in ba haka ba zoben ne zai sha wahala.

Idan aka gwada da sauran hanyoyi, fostar bango ta fi sauƙin gani, amma bayan mako biyu ido ya saba da ita, ta zama ado. Manhajar waya tana da murya da tunatarwa, sai dai ta kyauta takan zo da talla, kuma yaron da aka miƙa wa waya da dare ba a addu'a zai tsaya ba. Kati yana da abin taɓawa da wurin rubutu, shi ya sa ya fi su riƙe yaro. Gidajen Kirista za su sami irin waɗannan katuna da aka gina a kan 1 Timoti 2:1-2 da Zabura 72 da 121, kuma abubuwan dubawa ɗaya ne: a ga ko an bar layin suna fanko, ko ana roƙon adalci, ko an yi wa yaro alkawarin da ba a yi wa kowa ba.

Tunda akwai ayoyi a jiki, a sama wa zoben ƙusa a bango sama da inda mai rarrafe zai kai, kada ya kwana a ƙasa ko ya bi yaro banɗaki. Katunan da aka zare ko suka lalace ba a jefa su kwandon shara. A ɓare ledar tukuna, domin ƙona ta yana fitar da hayaƙi mai cutarwa, sannan a ƙona takardar ko a binne ta a wuri mai tsabta.