Ɗakin jinka da gidan bulo a ƙauyukan Garifuna

Ɗan'uwa, ka ce ka ga hotunan ƙauyukan Garifuna, ga ɗakunan ganye ga na siminti, kana tambaya wanne ya fi, kuma ko talauci ne ya zaunar da wasu a na ganyen.

Mutanen nan jikokin 'yan Afirka ne da suka yi auratayya da 'yan asalin tsibirin Sent Binsent da ke tekun Karibiyan. Bayan sun yi yaƙi da Turawan Ingila, Turawan suka kwashe su, suka sauke su a tsibirin Roatan kusa da gaɓar Honduras ranar 12 ga Afrilu, 1797. Daga nan suka bazu a gaɓar tekun Honduras, Beliz, Gwatamala da Nikaragwa. Saboda haka gininsu na mazaunin bakin teku ne, mai fama da zafi da marka da iskar gishiri.

Tsohon ɗaki daga daji ake samo kayansa. A kafa dirkoki, a jera karan daji ko a saƙa itace a yaɓe da laka, sannan a rufa da ganyen wani dangin kwakwa da ake kira manaka. Jinkar tana da tudu sosai don ruwa ya gangare nan take. Rana tsaka ka shiga, sanyi ne zai tarbe ka, domin iska tana ratsa bango, zafi kuma yana ficewa ta sama. Gishiri ba ya cin ganye. Aikin ma gayya ake yi masa, dangi da maƙwabta su taru su ɗaura. A ƙauyen Miami kusa da garin Tela, da tsibirin Chachahuate, duk a Honduras, har yau za ka ga irinsa. Aibinsa shi ne bayan 'yan shekaru ganyen ya ruɓe sai an sake, ga gara, ga tsoron gobara.

Gidan bulo da kwano kuwa yawanci kuɗin 'yan ci-rani ne, musamman na Amurka, inda Garifuna suke da yawa a unguwar Bronx ta New York. Yana daɗewa, kuma ya fi jure guguwa. Wannan ba ƙaramin dalili ba ne ga mutanen da guguwar Mitch ta share wa yawancin garin Santa Rosa de Aguan na Honduras a 1998. Ban ga laifin uwar da ta zaɓi siminti bayan irin wannan dare ba. Sai dai kwano yana mayar da ɗaki tanda, iskar teku kuma ta sa masa tsatsa.

Batun talauci, akwai shi, amma ba shi kaɗai ba ne. Leƙa bayan gidan bulon, sau da yawa za ka tarar da madafa a rumfar waje. A can mata ke goge rogo, su ɗura shi a doguwar matsa ta saƙa mai suna ruguma, a rataye ta ruwan dafin ya tsiyaye, kusan yadda ake matse rogon garin kwaki. Sai a tankaɗe, a baza a kan faffaɗan kasko, a gasa ereba, gurasarsu mai ƙwari da ke yin watanni ba ta lalace ba. Hayaƙi da zafin wannan aiki, rumfar ganye ce ke iya musu.

A ganina, lokacin guguwa bulo ya fi, sauran watanni kuwa jinka ta fi daɗin zama nesa ba kusa ba. Shi ya sa nake jin zafi idan na ga matasa sun tashi ba su iya ɗaura manaka ba, alhali masu otal a wannan gaɓar suna biyan kuɗi a yi wa baƙinsu irin wannan rufin.