Metron Doha: Abin da Kofin Duniya ya bari, da kuɗin da ya ci

A cikin ayyukan da Katar ta kashe wa kuɗi bayan an ba ta damar karɓar baƙuncin Gasar Cin Kofin Duniya a Disambar 2010, jirgin ƙasan cikin birnin Doha ne wanda talaka ke mora kullum. Ya fara ɗaukar fasinja a watan Mayun 2019, yanzu yana da layuka uku, Ja da Kore da Zinariya, da tashoshi 37 a kan hanya mai tsawon kilomita 76, mafi yawanta a ƙarƙashin ƙasa. Jiragen ba su da direba, kwamfuta ce ke tuƙa su, kuma gudunsu kan kai kilomita 100 a awa.

Shiga ba wuya. Za ka sayi katin tafiya a tasha, ka zuba masa kuɗi, ka ɗora shi a kan ƙofa wajen shiga da wajen fita. Tafiya ɗaya riyal 2 ce, ko tasha ɗaya ka yi ko daga Wakra a kudu har Lusail a arewa, kuma ba a cire maka fiye da riyal 6 a yini. Kowane jirgi tarago uku ne: biyu na kowa da kowa, na ukun an raba shi tsakanin sashen iyali da sashen Zinariya na alfarma, inda tafiya ke kama riyal 10. Kujerun Zinariya sun fi faɗi da laushi, amma a tafiyar minti goma sha biyar ba mu ga abin da zai sa mutum ya biya ninki biyar ba. Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne namiji shi kaɗai ya faɗa sashen iyali, ko mai katin gama-gari ya zauna a na Zinariya. A duba rubutun da ke bakin ƙofar kafin jirgi ya iso.

Msheireb ce cibiya, a nan layukan uku suka haɗu. Mai fitowa daga filin jirgin sama na Hamad zai hau Layin Ja, idan kasuwar Souq Waqif ya nufa sai ya sauya zuwa na Zinariya a Msheireb. Mai komawa filin jirgin kuwa sai ya lura, domin Layin Ja ya rabu biyu a kudu, reshe ɗaya Wakra ya nufa. Tsafta da sanyin tashoshin ba abin kushewa, kuma jira ba ya wuce 'yan mintoci.

Lokacin gasar, daga 20 ga Nuwamba zuwa 18 ga Disambar 2022, jirgin ya fitar da Katar kunya. Masu katin Hayya, wato katin shaidar 'yan kallo, sun hau kyauta, kuma filayen wasa biyar cikin takwas ana isa gare su da ƙafa daga tasha, ciki har da na Lusail inda Ajantina ta doke Faransa a wasan ƙarshe. Filayen Al Bayt da Al Janoub da Al Thumama sai an haɗa da bas.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan ka fito daga tasha. An gina Doha ne don masu mota, unguwanni da yawa na nesa da layin, kuma a watan Yuli zafi kan haura digiri 40. Tafiyar minti goma a ƙafa a irin wannan rana ta isa ta mayar da mutum cikin tasi. Motocin bas na metrolink suna ɗebo mutane daga unguwanni zuwa tasha, sai dai ba sa zuwa a kai a kai kamar jirgin, don haka lokacin da jirgin ya rage maka a tashar bas kake ƙarar da shi. Ranar Juma'a ma ba ya fara aiki da sassafe irin sauran ranaku. Layi na huɗu da aka tsara, Layin Shuɗi, bai kai ga ɗaukar fasinja ba.

Sai maganar kuɗi. Adadin da aka fi ambata na aikin shi ne dala biliyan 36, wato kusan riyal biliyan 131. A kan riyal 2, sai an yi tafiya sama da biliyan 65 kafin a mayar da kuɗin ginin kaɗai, ban da albashi da lantarki da gyara. Arhar da fasinja ke gani daga baitulmali take fitowa, arzikin iskar gas ne ke riƙe da ita. Akwai kuma kuɗin da ba ya shiga lissafi: leburori baƙi ne suka yi gine-ginen gasar, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun sha kokawa kan albashinsu da aiki cikin zafi da mace-macen da ba a bincika ba.

Duk da haka, jirgin ya fi filin wasa amfani nesa ba kusa ba. A Barazil, filin Mane Garrincha na Brasilia da aka gina don gasar 2014 ya kai har ana ajiye motocin bas a harabarsa, alhali metron Doha kowace safiya yana kai ma'aikata da ɗalibai West Bay, unguwar ofisoshi, da Education City, unguwar jami'o'i. Ga baƙon da masaukinsa ke kusa da tasha, ba abin hawan da ya kai shi sauƙi da araha a Doha. Wanda zai sauka nesa da layin, musamman daga Yuni zuwa Satumba, ya ware kuɗin tasi a gefe.