Hattara da mai tallan ƙwan fitila "wat 200"

Jama'a, musamman masu Hilux da sauran a-kori-kura a nan Sakkwato, akwai wani da ke tallan ƙwan fitilar gaba na LED a Facebook da WhatsApp. Bidiyonsa na nuna daji ya koma kamar rana tsaka. A kwalin an rubuta wat 200 kowane ƙwai. Ni ma na faɗa tarkonsa.

Albasa nake ɗaukowa daga wajen Goronyo da Wurno, kuma wani lokaci magariba kan riske ni a hanya, shi ya sa na yi kwaɗayin haske. Na tura kuɗi, ya aiko ta tashar mota.

Da na kai wa mai rewaya, wato mai gyaran wutar mota, bai ce komai ba, sai ya ɗauko mita ya jona. Ƙwan amfiya 2 da rabi yake ja. Ya ce: "Alhaji, ninka da bolt 12 na batirinka." Wat 30 ke nan. Ya ƙara da cewa da a ce da gaske wat 200 ne, da ƙwai ɗaya zai ja kusan amfiya 17, alhali fiyus ɗin fitila galibi 10 ko 15 ne, da tuni ya tsinke. Ƙwan asali, H4, wat 60 ne a ful, 55 a dim. To, LED ya ci wuta kaɗan ba laifi ba ne, haka aka yi shi. Laifin shi ne ƙaryar da aka buga a kwali aka karɓi kuɗin mutane a kanta.

Abin da ya fi ba ni haushi ma hasken ne. Madubin da ke cikin gidan fitila an ƙera shi ne daidai da inda siririyar wayar ƙwan asali take. Wannan kuwa 'yan ƙwayoyinsa masu ba da haske ba su zauna a gurbin ba, sai hasken ya watse sama da gefe. Gaban mota fari fat, amma can nesa inda rami yake, duhu. Masu tahowa sai danna mini ful suke, wani mai babur har da zagi, kuma da gaskiyarsa. Ranar da aka yi hazo a hanyar Achida kuwa, farin hasken ya dinga dawo mini ido kamar na tunkari bango.

A gindin ƙwan akwai 'yar fanka mai sanyaya shi. Ƙurarmu ta cika ta, kafin sati uku, ƙwan hagu ya fara ƙiftawa, ya mutu.

Na kira mutumin kan garantin shekara ɗaya da ya yi alkawari, ya toshe lambata. Jiya na ga bidiyon nan dai a wani sabon shafi da wani suna. Duk wanda zai saya, a auna da mita a gabansa, a haska bango a ga ko hasken dim ya yanke a layi, kafin kuɗi su fita. Ni dai na mayar da tsofaffin ƙwayayena.