Aikin mai walda a ɗakin kekunanmu, bayan damina ɗaya

A bayan gidanmu da ke Badariya, Birnin Kebbi, akwai ɗan lambu na zogale da yakuwa, a gefensa kuma ɗakin kwano da na yi tun da daɗewa don ajiye fartanya da bokitin ban ruwa. Da kekuna suka zama uku a gidan, tsohuwar Phoenix ɗina da biyu na yara 'yan makaranta, sai zaure ya yi mana kaɗan, muka mayar da su can. To, katangar wajen gajera ce, ƙofar ɗakin kuma ta katako ce, gara ta riga ta ci rabonta. Daren da aka ɗauke keken maƙwabcina, gari na wayewa na nemo mai walda.

Niyyata in sayi ƙaton kwaɗo, ya yi mini wurin rataya shi, shi ke nan. Mutumin ya zagaya ɗakin, ya sa yatsa ya ɗaga gefen kwano ɗaya, ya ce, "Alhaji, wanga ɗaki ko kwaɗon banki ka sa mishi, ɓarawo ba ta ƙofa za ya shigo ba." Ban yi gardama ba, don na ga ƙusar ta fito daga ruɓaɓɓen katakon kamar daga cikin tuwo.

Ya cire ginshiƙan katako huɗu ya sa bututun ƙarfe, kowanne a rami mai zurfin ƙafa 2 da aka cika da kankare. Kwanon kuma ya ɗaure shi da noti ta ciki, yadda wanda ke waje ba shi da abin kwancewa. Ƙofa ta koma ta ƙarfe, kwaɗon yana cikin ɗan akwati irin na shagunan kasuwa, hannu da makulli kaɗai ke shiga, zarto ko guduma ba su da wurin kamawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne mafi araha a cikin aikin: guntun rodi mai kauri da ya lanƙwasa kamar baka, ya binne ƙafafunsa cikin simintin daɓe. Sarƙa ɗaya ke bi ta jikin kekunan uku ta kulle a nan. Ya ja kunnen yara su riƙa zura ta ta tsakiyar ƙarfen keke, ban da ƙafar gaba, don ita noti biyu ne a kwance ta a tafi da sauran. Ni da na shekara talatin ina hawan keke, ta ƙafar gaba nake kullewa.

Iskar farkon damina ta watan Yuni, wadda kan yaye rufin mutane, ta zo ta wuce, ɗakin ko motsi.

Amma akwai inda ya gaza. Ya toshe ɗakin ruf, babu kafar iska. Wanda ya san zafin Afrilu a Kebbi, lokacin da yakan haura digiri 40, ya san ɗakin kwano a rufe tanda ce. Facin tayar yara ya riƙa saki, sirdi kuma ba ya taɓuwa da azahar. Sai da na kira shi sau uku kafin ya zo ya yanka 'yan tagogi biyu can sama ya sa musu raga. Sannan bai shafa fenti a wuraren da ya yi walda ba, kafin Agusta tsatsa ta fara ja. Ni na sayi fentin na shafa da kaina.

Kuɗin aikin ya kusa na keke ɗaya na hannu, kuma ban yi da-na-sani ba. Wanda zai ba da irin wannan aiki, ya sa taga da fenti cikin ciniki tun farko, ya kuma auna dokin ƙofa. Namu ya yi tsawo. Ruwa ba ya shiga, amma ƙaramin yaron har yau sai yayansa ya ɗaga masa keke kafin ya fitar.