Sharhi kan na'urar kumbura zane don ɗalibai makafi

Na'urar tana aiki, kuma ya kamata duk makarantar da ke da ɗalibai makafi a Gombe ta mallake ta. Amma wanda zai kwafi hoton littafi yadda yake ya zura mata, takarda kawai zai ɓata.

Takardarta ta musamman ce, an shafe fuskarta da ƙananan ƙwayoyi masu kumbura. Idan aka buga zane a kanta ta ratsa ƙarƙashin fitilar zafi, baƙin layi ya fi farin wuri shan zafi, sai ya taso cikin kusan daƙiƙa 10. Dole tawadar ta kasance mai kabon, kamar baƙar hodar injin fotokwafi. Jan biro da shuɗi ba sa tashi.

Babban aikin yana wajen sake zanen. Na gwada ta da taswirar ƙananan hukumomi 11 na jihar. Yatsa ba ya rarrabe layuka biyu idan ratar da ke tsakaninsu ba ta kai milimita 3 ba, don haka ƙaramar hukumar Gombe, da yake 'yar ƙarama ce, gara a yi mata ɗigo babba guda. Sunan Funakaye a rubutun makafi na Braille yana cin kusan santimita 5, ba zai shiga gurbinsa ba. Haruffa biyu sun isa, "fn" ko "kl" na Kaltungo, sai a fassara su a wani shafi. Kogin Gongola a ba shi layi mai tsinke-tsinke, iyakoki kuma layi miƙaƙƙe, in ba haka ba yaro zai bi kogi yana zaton iyaka ce. Ina ganin malamai da dama a nan suke kuskure, suna son komai ya fito a shafi ɗaya.

Matsalarta zafi. In ya yi yawa, layi yana fashewa, farin wurin ma ya yi ƙuraje. A fara da zafi kaɗan, a ƙara a hankali, domin na'urar tana daɗa zafi bayan 'yan shafuka. Baƙi mai faɗi yana ƙuna, a cike irin wurin da ɗige-ɗige. Fitilar tana jan wuta sosai, ƙaramin janareto ba ya ɗaukarta.

Takardar daga waje ake kawo ta, tana da tsada, kuma layin yana lotsewa in an danne ta da littattafai. Alwatika da da'ira, zare da gam a kan kwali sun wadatar. A ajiye takardar don taswira da zanen zuciya ko sassan fure.