Casio fx-5800P: yadda take wajen kunna furogiram da duba shi

Jama'a barkanmu. An sha tambayata wai wace kalkuleta ce nake ta latse-latse a kanta in muna aikin awon fili, to Casio fx-5800P ce, kuma na daɗe ina son in faɗi yadda na same ta musamman wajen rubuta furogiram da kunna shi da komawa a duba shi in ya ƙi tafiya, don gaskiya nan ne amfaninta yake, in dai tarawa da ɗebewa da su sin da cos kawai kake nema ƙarama ma ta ishe ka.

Ta fito tun 2006, batir AAA ƙwaya ɗaya take ci, allonta layi 4 ne kowanne harafi 16, wurin ajiyar furogiram kuma bait 28,500. Wani zai ji adadin ya raina, amma ni har yau ban cika shi ba. Ta zo da fomula 128 a cikinta, su kam ban cika taɓa su ba. Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne ko batir ya mutu ka canza, furogiram ɗinka suna nan ba su goge ba.

Kunnawa ba wuya ko kaɗan. Ka danna MODE sai 5, za ka ga NEW, RUN, EDIT, DELETE, ka shiga RUN ka zaɓi sunan fayil ɗin ka danna EXE shi ke nan, duk inda ka sa alamar tambaya a ciki za ta tsaya ta nemi lamba. Wanda na fi kunnawa shi ne na fitar da tazara da kusurwa tsakanin maki biyu, in ba ta N da E (lambobin arewa da gabas) na farko, in ba ta na biyu, ta ɗebe, ta yi Pol, wato umarnin da ke fitar da tazara da kusurwa, tazarar ta faɗa cikin harafin I kusurwar ta faɗa cikin J, in J ya fito ƙasa da sifili umarnin sharaɗi If ya ƙara masa 360. Lissafin da in da hannu ne sai ka yi ta maimaita shi sau talatin a yini ga rana ga gajiya, yanzu lambobi huɗu kawai zan shigar.

To duba furogiram fa, nan ne ake sanin haƙurin mutum. Layi 4 kawai kake gani a lokaci ɗaya, ka ga If a sama sai ka gangara ka gangara kafin ka kai IfEnd ɗinsa, kafin nan ka manta sharaɗin da ka sa. In kuskuren rubutu ne da sauƙi, za ta nuna Syntax ERROR ka danna kibiyar hagu ko dama ta kai ka wurin da ta tsaya, in ka yi Goto, wato tsallake zuwa wani layi, babu Lbl ɗinsa da ke nuna wurin sauka ta ce Go ERROR, in ka raba da sifili ta ce Math ERROR. Waɗannan ba sa ba ni tsoro. Wanda ke ba ni tsoro shi ne furogiram ya tafi lafiya lau ya ba ka amsa mai kyan gani alhali ba daidai ba ce. Ya taɓa faruwa da ni, na sa I ya riƙa ƙirga min zagaye a cikin umarnin maimaitawa For, a tsakiya kuma na kira Pol, ashe duk zagaye Pol na zuba tazara a kan I ɗin, ƙirgar ta rikice ba tare da wani ERROR ba. Kuskurena ne, yana cikin littafinta ƙarara, amma sai da na kwashe dare guda kafin na gano, tun daga ranar ba na ajiye komai nawa a I da J.

Ba ta da hanyar bin furogiram layi-layi irin na kwamfuta, don haka dabarar da nake yi ita ce in sa alamar nan ◢ bayan duk lissafin da nake zargi, sai ta tsaya ta nuna min abin da ta samu, in gwada da wanda na yi a takarda, in danna EXE ta ci gaba, in na kama inda ya karkace sai in goge alamomin. Sannan ina sa Deg, wato awon kusurwa da digiri, a layin farko koyaushe, saboda in wani ya ari kalkuletar ya bar ta a Rad, wato awo da radiyan, duk kusurwoyinka sun tashi aiki kuma ba za ta ce maka uffan ba. Dogon furogiram kuwa gara ka yanka shi ƙanana ka riƙa kiransu da Prog, kowanne ka gwada shi shi kaɗai, ya fi ka cika wuri da Goto ka rasa ina aka fito ina za a.

Abin da zan so a ce tana da shi shi ne USB. Babu. Wayar SB-62 ce kawai ke haɗa ta da wata fx-5800P 'yar'uwarta ku tura wa juna, shi ya sa nake kwafe kowane furogiram a littafi da biro, har da ma'anar kowane harafi a gefe. Kuma don Allah in abokin aiki ya turo maka nasa kar ka fita fili da shi kai tsaye, zauna ka ba shi lambobin da ka riga ka san amsarsu, maki ɗaya a arewa maso gabas, ɗaya kudu maso gabas, ɗaya kudu maso yamma, ɗaya arewa maso yamma, ka ga ko duk huɗun kusurwar ta fito tsakanin 0 da 360.