Gargaɗi game da masu da'awar saita ƙwaƙwalwar mota don rage shan mai

Naira 145,000 na biya wani mutum da ke tallata kansa a Facebook a matsayin ƙwararre wajen sabunta ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa aikin inji, amma bai taɓa ko waya ɗaya ta ƙwaƙwalwar ba, sai ma ya haɗa min da sata. Motata Honda Accord ce ƙirar 2004 mai injin lita 2.4, kuma tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, duk mai irin wannan mota ya san abin da take ci. Alkawarinsa shi ne zai rage mata shan mai da kusan rabi, ya kuma ƙara mata ƙarfi.

Masu cewa an kama ni a arha su saurara. Ban tura masa ko kwabo ba sai da na je garejin da ƙafata. A gabana ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari, ya jona na'urarsa a soket ɗin OBD2 mai ƙofofi 16, inda ake jona na'urar binciken mota, ya juyo min da kwamfutar yana nuna min lambobi suna hawa da sauka, yana bayanin lokacin tartsatsin fulogi da ma'aunin iska da mai. Abin da ya faɗa daidai ne, domin aikin ƙwaƙwalwar ke nan. Da aka kira sallah tare muka yi sahu, sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Alhaji, ka ɗauka wurin ƙaninka ka bar motar." Har yanzu wannan dafa kafaɗar nake tunawa. Wane mai hankali ne zai ga kwamfuta, ya ji bayanin da ya hau, ya yi sallah da mutum, sannan ya zarge shi?

Da na karɓo motar sai na ji ƙarar salansa ta canza, ga wari mai hawa kai, amma ya ce alamar injin ya samu numfashi ne. Kafin nan ma, tun motar tana hannunsa, ya kira ni cewa sai an sayi manhaja daga waje, na tura masa 60,000 a kan 85,000 ɗin farko. Wato 145,000 cif. A ranar farko ma ya hana ni tsayawa, wai aikin yana buƙatar motar ta kwana, kuma da an katse shi ƙwaƙwalwar za ta mutu.

Man bai ragu ba. Da na kai ta wurin tsohon mai wayarin ɗina, na'urarsa ta fito da lambar P0420, wadda ke nuna matatar hayaƙin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, ba ta aiki. Muka ɗaga motar, sai ga sabuwar walda a jikin tulun, an tsaga shi an kwashe cikinsa tas, saboda ana sayensa da tsada don ƙarafa masu daraja irin su falatinam da ke ciki. Da aka kwance gilashin dashbod kuwa, baƙin tef muka tarar an liƙe fitilar gargaɗin inji da shi don kada in ga ta kama. Ƙurar da ke kan notunan ƙwaƙwalwar tana nan yadda take. Mai wayarin ya ƙara da cewa inji irin nawa da ba shi da turbo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska, ko da saitin gaskiya aka yi masa, ƙarin da ake samu kaɗan ne, balle a rage mai da rabi.

Naira 145,000, ga kuɗin sabon indomi da ke jirana, shi kuwa ya rufe lambarsa, maƙwabtan garejin sun ce dama aron wurin yake yi. Hotunan alat biyu, da hirarmu ta WhatsApp, da hoton waldar da na tef ɗin, duk zan ɗora su da zarar na kammala shigar da ƙara wurin 'yan sanda.

Kada ku bar mota ta kwana a hannun irin waɗannan mutane. Idan kun murɗa makulli kafin tayar da inji, dole fitilar gargaɗin ta kama. In ba ta kama ba, ku sa a leƙa salansa.